Hukunci a Ƙarshen Labari: Tarihin Sauya Ƙarshen Fim ɗin Chinatown

A fagen ƙagaggen labari, ƙarshe shi ne hukunci, domin a nan ne mai tsarawa yake bayyana ra'ayinsa game da adalci a duniya. Tarihin sinimar Amurka ya tanadi misalin da ya dace ɗalibi ya yi nazarinsa.

Daga shekarar 1934 zuwa 1968, kamfanonin fim na Amurka suna bin wata ƙa'ida da suka shimfiɗa wa kansu, wadda aka laƙaba wa sunan Will Hays. Daga cikin sharuɗɗanta akwai cewa kada a nuna mai laifi ya ci ribar laifinsa. Da aka yi watsi da ita, sai ƙofa ta buɗe ga labaran da azzalumi yake tsira.

A wannan yanayi ne kamfanin Paramount ya fitar da Chinatown a 1974. Labarin yana faruwa ne a birnin Los Angeles a 1937, kuma tushensa rikicin ruwa ne na gaskiya, watau yadda birnin ya janye ruwan kwarin Owens tun 1913, manoma suka tagayyara. A cikin fim ɗin, wani mai binciken sirri ya gano cewa attajiri Noah Cross yana karkatar da ruwa domin ya sayi gonaki da araha, har ila yau ya yi wa 'yarsa Evelyn ciki.

Marubucin, Robert Towne, ya tsara cewa Evelyn za ta kashe uban nata, a ɗaure ta, yarinyar da ta haifa kuwa ta tsira. Mai ba da umarni, Roman Polanski, ya ƙi amincewa. Shi mutum ne da 'yan Nazi suka kashe mahaifiyarsa a sansanin Auschwitz, aka kuma yi wa matarsa Sharon Tate kisan gilla a 1969. Saboda haka ya sake ƙarshen: 'yan sanda suka harbe Evelyn, Cross ya tafi da yarinyar ba tare da ya fuskanci shari'a ba.

Towne ya ji zafin haka ƙwarai, ko da yake rubutun ya samo masa lambar Oscar a 1975. Daga baya ya yarda cewa Polanski ne ya yi daidai. Masu kallo ma sun karɓi ƙarshen, domin fim ɗin ya fito ne a watan Yuni, ana tsakiyar badaƙalar Watergate, wadda ta sa Shugaba Nixon ya yi murabus a watan Agusta. Jama'a sun riga sun ga yadda masu iko ke wasa da doka.

Bisa ga haka, mai nazarin tarihi ya kamata ya riƙa tambayar wane ne ya yanke hukuncin ƙarshen labari, a wane zamani, kuma wace doka ce ta ba shi dama.