Stephen Keshi: ya ɗauki kofin Afirka yana ɗan wasa, ya sake ɗauka yana mai horaswa

Stephen Okechukwu Keshi, wanda masoya tamaula ke kira Big Boss, wato babban maigida, ɗan wasan baya ne na Najeriya da ya koma mai horaswa. Ya rasu ranar 7 ga watan Yuni na 2016 a birnin Benin na jahar Edo, yana da shekara 54. Har ranar rasuwarsa mutum biyu ne kaɗai sunka taɓa cin kofin Afirka suna ƴan wasa, sunka kuma dawo sunka ci shi suna masu horaswa: Mahmoud El-Gohary na Masar a 1959 da 1998, sai Keshi a 1994 da 2013.

Ba ɗan ƙasarmu ba ne, amma labarinsa ya taɓa wata magana da mu ƴan Nijar munka sani sarai, wato yadda ake yi da mai horaswa ɗan gida in ya gama wahalar kai ƙasa gasa. Shi ya sa munka ajiye tarihinsa a wanga shafi.

An haife shi ranar 23 ga Janairu na 1962 a garin Azare na jahar Bauchi. Iyayensa mutanen Illah ne a jahar Delta ta yanzu, shi kuwa a Legas ya tashi ya yi makaranta. Ya fara buga wa ACB ta Legas a 1979, daga nan ya koma New Nigeria Bank ta Benin, wadda ya ci kofin ƙungiyoyin yammacin Afirka da ita a 1983 da 1984. Wajen 1985 hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da shi da wasu abokansa bisa laifin jinkirin zuwa sansanin horo. Maimakon ya zauna jiran afuwa, sai ya yi Abijan, ya buga wa Stade d'Abidjan da Africa Sports. Daga can hanyar Turai ta buɗe: Lokeren a Beljiyam a 1986, Anderlecht daga 1987 zuwa 1991, sannan Strasbourg a Faransa. A zamanin nan ba kasafai ɗan Najeriya ke buga wa babbar ƙungiya a Turai ba, kuma gidansa na Beljiyam ya zama masaukin samarin da sunka biyo sawunsa. Nii Lamptey na Gana yana cikin waɗanda ya yi wa hanya zuwa Anderlecht.

Ya buga wa Najeriya wasa 64, ya zura ƙwallo 9, shekaru da dama shi ne kyaftin. Sau biyu Kamaru na hana su kofi a wasan ƙarshe, a Abijan a 1984 da Kasablanka a 1988. Da kofin ya zo hannu a Tunisiya a 1994, ran da sunka doke Zambiya da ci 2 da 1, jiki ya riga ya fara gaya masa gaskiya. Rauni ya hana shi buga wasan ƙarshen, amma a matsayinsa na kyaftin ya hau ya ɗaga kofin. A gasar duniya ta Amurka a shekarar nan wasa guda ya buga, da Girka.

Aikin horaswa shi ne inda labarin ya fi ɗaci. Yana mataimakin Shuaibu Amodu lokacin da sunka samo wa Najeriya gurbin gasar duniya ta 2002. Da sunka ƙare a matsayi na uku a gasar Afirka ta Mali, sai anka sallame su duka, wani ya tafi da ƴan wasan Japan da Koriya. A 2004 ya karɓi Togo, ƙasar da ba wanda ke sa ta cikin lissafi, a rukuni guda da Senegal da Mali da Zambiya. Togo ta zo ta ɗaya, ta sami gurbin gasar duniya karo na farko a tarihinta. Sai gasar Afirka ta 2006 a Masar ta zo, anka doke su a wasa uku duka, saɓani ya fito fili tsakaninsa da Emmanuel Adebayor, hukuma ta kore shi ta ɗauko Bajamushe Otto Pfister ya kai su Jamus. Karo na biyu ke nan yana noma wani na girbi.

To, kun ga inda maganar ta zo gida. A 2011 Harouna Doula Gabde ya kai Mena gasar Afirka karo na farko, bayan an doke Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu a Yamai. Hukumar CAF ta ba shi kyautar gwanin masu horaswa na shekarar, wadda Keshi ya samu a 2005 da 2013. Amma kafin a tafi Gabon sai anka haɗa shi da Bafaranshe Rolland Courbis da sunan mai ba da shawara, kuma ba a gama gasar ba sai ga ragama a hannun Courbis. Keshi bai taɓa ɓoye ra'ayinsa kan wanga hali ba. Ya sha faɗa wa ƴan jarida cewa bai ƙi gwani daga waje ba, abin da ya ƙi shi ne a ɗauko wanda bai fi ɗan gida komi ba, a ba shi kuɗi da lokaci da ba a ba ɗan gida.

Ya riƙe Mali daga 2008 zuwa farkon 2010. Abin da ake tunawa da shi can shi ne wasan buɗe gasar Angola: an ci Mali 4 da nema, saura minti 11 a tashi, amma wasa ya ƙare 4 da 4. Duk da haka ba su fita rukuni ba, anka sallame shi.

A Nuwamba na 2011 Najeriya ta ba shi aiki, bayan ta kasa zuwa gasar 2012. Ya bar sanannu irin su Peter Odemwingie da Obafemi Martins, ya tafi Afirka ta Kudu a 2013 da ƴan wasa 6 masu buga gasar gida, har da Gabriel Reuben na Kano Pillars. Ya sha zagi a kai, balle da sunka fara da kunnen doki biyu, da Burkina Faso da Zambiya. Sai sunka fitar da Kodebuwa ta su Didier Drogba da ci 2 da 1, sunka lallasa Mali 4 da 1, Ahmed Musa na cikin masu ci. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, Sunday Mba, ɗaya daga cikin ƴan gidan nan da anka raina, ya ci Burkina Faso ƙwallo guda da ta ba su kofi. Washegari Keshi ya ce ya ajiye aiki saboda yadda shugabannin hukuma sunka yi da shi ana cikin gasa, sai da manya sunka sa baki ya janye. A wagga gasa ce Mena, ƙarƙashin Gernot Rohr, ta sami makinta na farko a gasar Afirka, canjaras ba ci da Kwango ta Kinshasa.

Masu bin wasan Kano Pillars ba su manta gasar CHAN ta 2014 ba. Maroko na gaba 3 da nema a hutun rabin lokaci, yaran Keshi sunka farke sunka ci 4 da 3, Rabiu Ali na cikin waɗanda sunka zura. A gasar duniya ta Brazil a shekarar nan ya zama mai horaswa ɗan Afirka na farko da ya fitar da ƙasa daga rukuni. A can ne Ahmed Musa ya zura wa Ajantina biyu, kafin Faransa ta fitar da su da ci 2 da nema.

Ba mu cewa ba shi da nasa laifi. Mutum ne mai kafiya, in ya ɓata da ɗan wasa ya kan daɗe bai waiwaye shi ba, kuma Najeriya mai riƙe da kofi ta kasa zuwa gasar 2015 a hannunsa. Sai dai a gaya gaskiya, an sha riƙe masa albashi na watanni yana aiki. A Yuli na 2015 hukuma ta kore shi bisa zargin ya nemi aikin horas da Kodebuwa alhali yana da kwantiragi.

Matarsa Kate ta rasu a Disamba na 2015 bayan fama da ciwon daji, shi kuma bai cika wata shida a bayanta ba. Kwana uku da rasuwarsa sai ga ta Shuaibu Amodu, shi ma a birnin Benin. An binne Keshi a Illah a ƙarshen Yuli na 2016, babban filin wasa na Asaba kuma sunansa yake ɗauke da shi yanzu. A watan Agusta na shekarar nan Najeriya ta ba Gernot Rohr, tsohon mai horas da Mena, kujerar Super Eagles.