Sharhi da Ƙuri'a: Muryar Mai Karatu a Mujallun Labarin Zane

Mujallar labarin zane ta Amurka ba ta zuwa hannun mai karatu a kammale. Wata-wata take fitowa, shafi ashirin ko ɗan fiye, kuma labari guda yakan ci fitowa biyar ko shida. Wanda ya sayi sabuwar fitowa ran Laraba, ya rubuta ra'ayinsa kafin dare, hukunci yake yankewa kan aikin da marubuci da mai zane ba su gama ba. Da sauƙi a raina irin wannan sharhi a ce garaje ne. Ni kuwa ina ganin yana cikin abubuwan da suka gina wannan fanni, matuƙar yana tafe da hujja. Inda yake cutarwa shi ne lokacin da aka tuɓe masa hujjar, aka bar ƙidaya tsagwaronta.

Shafin wasiƙu shi ne shaida ta farko. A farkon shekarun 1960 Julius Schwartz, editan kamfanin DC, ya riƙa buga wasiƙun masu karatu tare da cikakken adireshinsu. Daga nan suka fara rubuta wa juna, har Jerry Bails da Roy Thomas suka fitar da mujallar masoya mai suna Alter Ego a 1961. Shi Roy Thomas ɗin ne ya gaji Stan Lee a kujerar babban editan Marvel a 1972. Marubuci George R. R. Martin ma, tun yana ɗan makaranta, an buga wasiƙarsa a Fantastic Four ta 20 a 1963. Wannan shafi makaranta ce. Wanda ke son ganin sunansa dole ya faɗi abin da ya burge shi a zane ko a zance, ya faɗi dalili, domin edita zai zaɓa, zai amsa, sauran masu karatu kuma za su mayar da martani bayan 'yan watanni. Jinkirin kansa yana sa mutum ya tauna magana kafin ya furta.

Sai a gwada wannan da abin da ya faru a 1988. DC ta ƙare fitowar Batman ta 427 da fashewar bam a kan Jason Todd, Robin na biyu, wato yaron da ke taimaka wa Batman, ta ba masu karatu lambobin waya biyu: ya rayu ko ya mutu. Ƙuri'a 5,343 ta ce ya mutu, 5,271 ta ce ya rayu. Tazarar 72 ce ta kashe yaron. Wayar ba ta tambayi kowa dalili ba, don haka ba ta bambanta mai ƙin halin Jason da mai son ganin ko kamfanin zai iya cika alkawari ba. Marubuci bai koyi komai daga wannan lamba ba, kuma a 2005 aka dawo da Jason da rai.

A Japan ƙidayar ta zama tsari. Mujallar Weekly Shonen Jump, wadda Shueisha ta kafa a 1968, tana neman masu karatu su zaɓi labarai uku da suka fi so a kowane mako. Wanda ya daɗe a ƙasa sai a gusa da shi ƙarshen mujalla, sannan a datse shi. Dole a yi wa tsarin adalci: yana hana marubuci sakaci, kuma da shi mujallar ta haura kwafi miliyan shida a mako a tsakiyar shekarun 1990. Amma labarin da ke buƙatar shimfiɗa mai tsawo yakan mutu kafin ya nuna, kamar tuwon da aka sauke ruwa bai gama tafasa ba.

Zamanin intanet ya haɗa saurin ƙuri'a da zafin wasiƙa. A watan Mayun 2016, shafin ƙarshe na Captain America: Steve Rogers ta ɗaya ya nuna gwarzon a matsayin ɗan Hydra, ƙungiyar miyagu da ake dangantawa da 'yan Nazi. Masu karatu da dama sun kawo hujja mai nauyi: Joe Simon da Jack Kirby, Yahudawa biyu, su suka ƙirƙire shi, a bangon fitowarsa ta farko kuma yana naushin Hitler ne. Wannan suka ce da ta cancanci amsa. Sai dai barazanar kisa da aka aika wa marubucin, Nick Spencer, ta danne ta, alhali fitowa ta biyu ta bayyana cewa sauya wa gwarzon tarihi aka yi. Masu bin labaran Hausa da ake saki shafi-shafi a WhatsApp sun san wannan matsin, inda marubuciya kan karanta sharhin jiya kafin ta rubuta na yau.

Hakkin mai sharhi ke nan ya fito fili. Ya auna fitowar da ke hannunsa: yadda mai zane ya jera hotuna a shafi, inda ya ɓoye abin mamaki sai an juya takarda, ko zancen ya dace da bakin mai yin sa. Ya bayyana cewa bai ga ƙarshe ba tukuna. Editoci kuma su riƙa karanta dalilai kafin su duba lamba, domin lamba tana nuna cewa an ƙi abu, amma dalili ne kaɗai ke nuna wa marubuci inda zai gyara.