Aku Ya Ƙetare Iyaka: Magana Jari Ce a Telen Ƙasar Ƙonni

A ƙasar Ƙonni, in ka ambaci Magana Jari Ce gaban waɗanda sunka haura shekara arba'in da biyar, kaɗan ne cikinsu za su yi maka zancen littafi. Zancen tele za su yi maka. Wani ya ce a ƙofar gidan wani ɗan kasuwa mai doguwar eriya ya gani, wani ya ce shi ta taga ya leƙa don ba a barin yara su shiga ɗaki. Kafin ka ankara gardama ta tashi a kan labarin da ya fi daɗi, kowa na kare nashi kamar gonar gado. Mu da munka taso da waya a hannu abin yakan ba mu dariya. Amma akwai tarihi cikin gardamar nan, kuma tarihin ya shafe mu, mu da ke ƙoƙarin rubutu da Hausa a ƙasar da lakwal ba ta koya mana shi ba.

Mu fara da littafin. Abubakar Imam, wanda anka haifa a Kagara a 1911, yana koyarwa a Katsina lokacin da wani Bature, Rupert East, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa a 1933. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, ya yi fice. A 1936 East ya kira shi Zariya, ya tara mishi littattafan tatsuniyoyin Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya ce ya karanta ya fiddo wa yaran makaranta abin karatu. Wata shida Imam ya yi yana aikin. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939. Tun daga nan duk yaron da ya yi makarantar boko a Arewacin Najeriya da wuya ya fita bai gamu da Aku ba.

Mu kuwa ba mu gamu da shi ba. Kafin zuwan Turawa, Ƙonni da Sakkwato hanya guda ce, kasuwa guda, auratayya guda. A 1899 rundunar Voulet ta ƙone Birnin Ƙonni, sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 Faransa da Ingila sunka bi daji suna kafa turakun iyaka. Turakun nan har aji sunka raba. Yaron Illela ta Najeriya (ba Illelarmu ta Adar ba, waccan da ke hayin iyaka nake nufi) ana ba shi littafin Hausa ya karanta da ƙarfi gaban malam. Ɗan'uwanshi na Ƙonni, tafiyar da ba ta kai awa biyu a ƙasa ba, in ya kuskura ya yi Hausa a farfajiyar lakwal sai a rataya mishi sambol. Ko bayan 1960 haka abin ya ci gaba. Sai a 1973 anka buɗe lakwal ta gwaji ta farko da Hausa a Zinder, kuma irinta ba su taɓa yin yawa ba. Saboda haka shekara kusan hamsin littafin yana yawo a Sakkwato da Gusau da Katsina, nan kuwa sai ɗaiɗaiku: wanda ya yi karatu can, ko ɗan kasuwar da ya sayo ya aje, in dare ya yi a nemi mai iya boko ya karanta wa jama'a.

Tele ce ta buɗe ƙofar. Nijar ta fara da telen lakwal a 1964, Télé Sahel ta zamo ta kowa a 1979, kuma zamanin Seyni Kountché an rarraba akwatuna masu aiki da hasken rana a garuruwa, samariya na kula da su. Amma yawancin shirin da Faransanci ne, in ka cire labarai da wasannin su Yazi Dogo da mutane ke jira kamar ruwan fari. To Sakkwato ba ta kai kilomita 100 daga Ƙonni ba. Manyanmu sun ce mai hali yakan ɗaura eriya bisa dogon ƙarfe, a sa yaro ya hau soro yana juya ta, na ƙasa suna kuwwa "ya zo! ya tafi!" har hoton NTA ya zauna. Da ka nausa wajen Malbaza da Galmi hoton sai ya riƙa zuwa da yayyafi, wani dare murya kawai za a samu. Ku tuna kuma cikin waɗannan shekaru ne gwamnatin Buhari ta rufe iyaka, daga 1984 zuwa 1986, a tsakiyar yunwar da har yau tsofaffi ke kira da sunanshi. Buhun hatsi bai iya wucewa, amma ba sojan da ya iya tare abin da ke tahowa ta iska.

Cikin shekarun 1980 ɗin nan NTA Kaduna ta maida Magana Jari Ce wasan tele, kashi-kashi, an yi da Turanci an kuma yi da Hausa. Cikin ƴan wasan har da Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017. Imam shi bai gani ba, don ya riga ya rasu a 1981.

To wane labari ne ya fi zama a zukatan mutane? In ka bi gardamar da kyau, sunan da ya fi fitowa shi ne Kalala da Kalalatu, musamman a bakin mata. Labarin ba wuya. Maigida ya kawo kaji biyu a gyara ma baƙo. Matar ta soya, ƙamshi ya dame ta, ta ɗanɗana, ɗanɗano ya kai ga fiffike, fiffike ya kai ga cinya, har kaji sunka ƙare. Baƙo ya iso daidai lokacin da maigida ke wasa wuƙa. Sai ta raɗa ma baƙo cewa wuƙar nan shi ake wasa ma, ya runtuma. Ta juya ta gaya ma miji baƙonshi ya sure kajin duka biyu. Miji ya bi shi da wuƙa tsirara yana roƙo a bar mishi ko guda, baƙo kuwa jin haka ya ƙara mai. Ƙarya biyu kawai ta yi, kowace ta tallafi ƴar'uwarta, kuma mai kallo ne kaɗai ya san duka biyun. Wanga shi ne daɗin labarin, kuma a ganina shi ya sa ya fi dacewa da tele bisa ga takarda: kana ganin fuskar miji da ta baƙo lokaci guda, kowa na gudu da gaskiyarshi.

Abin da yawancin masu son Kalalatu ba su sani ba, asalinta Bajamusa ce. Tana cikin tarin tatsuniyoyin da wasu ƴan'uwa biyu, su Grimm, sunka fara fiddawa a Jamus a 1812. Can sunanta Gretel, kuku ce da anka ɗauka aiki, tana jiran baƙo tana kurɓar giya, kuma kunnuwan baƙon ta ce za a yanke. Dubi abin da Imam ya yi: ya maishe ta matar gida. Da wannan canji guda labarin ya tashi daga rikicin bara da ubangida ya koma zancen da kowane Bahaushe ya sani, wato mutuncin maigida gaban baƙonshi, da matar da ke wahalar tukunya kullum ba a tambaye ta ko ta ci ba. Wata tsohuwa ta ce mana ita ba ta ga laifin Kalalatu ba ko kaɗan. Mun yi dariya, ita ba ta yi ba.

Maza kuwa, musamman waɗanda sunka yi ci-rani, Sarkin Busa suke kawowa. Gari ya cika da ɓarna, mai busa ya raba su da ita bisa alkawarin lada, da bukata ta biya sunka murje ido, shi kuwa ya sake busa ya tafi da ƴaƴansu. Wannan ma daga Jamus ya fito, daga wani gari Hamelin, inda ake danganta abin da shekarar 1284. Ba sai an yi wa mutumin Adar dogon bayani ba. Ƙasar da samarinta ke tafiya Legas da Abijan bayan girbi su yi dako da gadi, ta san abin da ake nufi da a yi aiki a hana ka haƙƙinka don kai baƙo ne. Na lura masu ba da labarin nan ba su cika tausaya ma iyayen yaran ba. Wurin da mai busa ya juyo ya nemi kuɗinshi anka yi mishi dariya, nan suke tsayawa su jinjina kai.

Sahoro da Sahorama kuma, ragwaye biyu da sunka auri juna don kowa na gudun kiwo, sunayensu sun zama abin zagi a gidaje. Akwai waɗanda anka kira Sahoro tun suna yara ba su san daga inda sunan ya fito ba.

Wani abin lura shi ne, littafin cike yake da aljannu da bokaye da sarakunan da ke rikiɗa, amma ba su ne mutane ke fara ambata ba. Dalilin a ganina a fili yake. Wanda ya saba ganin fim ɗin Indiya a silima, da fadoji da macizai masu zama mutane, ba za ka burge shi da abin al'ajabin da za a iya haɗawa a ɗakin ɗaukar hoto na wancan zamani ba, balle a akwati baƙi da fari mai yayyafi. Kalala kuwa me yake bukata? Kaji biyu, wuƙa, da bakin da ya iya zance. Ko hoton ya ɗauke murya ta rage, ba ka yi asarar komai ba.

Ni in an tambaye ni, ba ɗaya daga cikin waɗannan zan zaɓa ba. Uwar labarin zan zaɓa, wadda ta ɗauko sauran duka. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗanshi Musa a gida. Waziri ya ƙulla makirci, so yake yaron ya fita daga fada a hallaka shi. Kullum dare Musa ya yi ɗamara zai bi sawun yaƙi, sai ya biya wajen Aku sallama, Aku ya ja shi da labari har gari ya waye. Wannan dabara daga Indiya ta taso, daga wani tsohon littafi na labarai saba'in da aku ya bayar, ta biyo ta Farisa. Can mace ce akun ke hanawa fita wajen kwarto mijinta na fatauci. Imam ya san ba za a kai wannan aji ba, sai ya sa ɗan sarki da doki da mugun waziri. Da abin ya zo tele sai ya zauna daram, don mai kallo shi ma ya zama Musa. An riƙe shi a tabarma, an ba shi labari guda, an ce ya dawo wani mako. Iyaye da yawa sun ce daren wasan ne kaɗai ba sai an fita neman yara ba.

Na san akwai cikinmu waɗanda ransu ke ɓaci in sunka ji Kalalatu daga Jamus take, Aku daga Indiya. Wani abokinmu cewa ya yi ashe kayan aro ne munka yi ta taƙama da su. Ban yarda da shi ba. Su Grimm ɗin ma a bakin mutane da tsofaffin littattafai sunka tsinto nasu. Kuma ka ɗauki Gretel ka karanta ma kakarka da fassara kalma bayan kalma, ka gani ko za ta yi dariya. Aikin da Imam ya yi wajen sa wa labarin suna da gida da karin magana da kunya irin tamu, shi ne aikin marubuci, kuma shi ne aikin da mu ba a koya mana ba. Mun iya rubuta sharhi a kan La Fontaine, wanda shi ma aro ya yi, amma da yawanmu ba su taɓa karanta shafi goma na Imam a jere ba.

A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Turanci harsunan aiki. Takarda ta faɗi haka. Amma ɗalibin Ƙonni ko Malbaza ko Illela da ke son littafin da ya fi kowane shahara a harshen nan, har yanzu mafi sauƙi gare shi ya ba wani mai shiga Sakkwato saƙo. Ƙannenmu kuwa sun san jaruman wasannin Indiya da anka fassara da na Arewa24 ɗaya bayan ɗaya, in ka ce musu Waziri Aku sai su tambaye ka a wace tasha yake.

Shi ya sa a hutun da ya wuce wasu cikin ƙungiyarmu sunka fara bin tsofaffi da waya suna ɗaukar labaran yadda suke tune da su, muna kwatantawa da littafin da munka yi karo-karo munka sayo. Ba su cika dacewa ba. Wani ya haɗa labari biyu ya yi guda, wata ta ƙara wa Kalalatu kishiya. A wani ƙauye kusa da Badagishiri, wadda ta ba mu labarin ba ta taɓa ganin wasan ba, a bakin yayanta da ya yi zaman Ƙonni ta ji shi. A nata, kajin nan biyu sun zama zabbi, baƙon kuma Buzu ne da ya zo sayen gero, kuma ta rantse mana a garinsu abin ya faru, har ta nuna mana gidan.