Giovanna Garzoni, Mai Zanen 'Ya'yan Itace (1600–1670)

Akwai wani reshe na zane wanda mutanen Italiya ke kira natura morta, watau matacciyar halitta: a jera 'ya'yan itace ko furanni cikin kwano, sa'an nan a zana su. Sunan nan bai dace da aikin Giovanna Garzoni ba ko kaɗan, don kuwa cikin zanenta akan ga ƙwaro ya sauka kusa da ɓaure, ganye kuma tsutsa ta ci gefensa.

An haife ta a garin Ascoli Piceno cikin 1600, ta yi ƙuruciyarta a birnin Benis. A can ta koyi rubutu mai ƙawa, har littafin da ta cika da salon haruffa iri iri yana nan ajiye a Roma. A ganina wannan shi ne mabuɗin aikinta duka. Ba ta cika shafa fentin mai bisa ƙyalle kamar sauran masu zanen zamaninta ba. Bisa fatar da aka kankare ta zama kamar takarda take aiki, tana tara launi ɗigo bayan ɗigo, har fatar lemo ta fito da ƙurajenta. Wanda ya taɓa zama kusa da mai zayyanar allon sauka a Katsina ya san irin wannan haƙuri, ya kuma san hannun da ya saba da alƙalami ne ke iya shi.

Cikin 1632 ta tafi fadar Turin. A can ne, cikin 1635, ta zana ɗan ƙaramin hoton Zaga Kiristos, baƙon da ya ce shi ɗan Sarkin Habasha ne, ta rubuta sunanta a bayan hoton da haruffan Habasha. Ga marubuciyar nan ta sake bayyana. Daga 1642 zuwa 1651 kuwa tana Fulorans, inda gidan sarautar Medici, masu sha'awar ilmin tsirrai, suka riƙa sayen aikinta.

Masanan lokacin suna ajiye zanen 'ya'yan itace ƙasa da zanen labaran tarihi, amma da shi ta tara dukiya. Da ta rasu a Roma cikin 1670, ta bar abin da ta mallaka ga ƙungiyar masu zane ta San Luka, bisa sharaɗin a binne ta cikin majami'arsu. Sai cikin 1698 aka gama ginin tunawa bisa kabarinta, bayan shekara 28.