Yadda mutanen Illela suka farfaɗo da faƙo

Yanzu ana yawan yi wa manoma huɗubar shuka ba tare da huɗa ba. Kakanninmu dai sun daɗe da sanin irin wannan shuka: mutum ya sara rami da sungumi, yaro na biye yana zuba iri yana rufewa da ƙafa. A jigawa abin yana yi. A faƙo kuwa, inda ƙasa ta daskare kamar daɓe, ko ka shuka ruwa wucewa yake, ya tafi da irin.

Haka tuddan Adar suka koma bayan farin 1973 da na 1984. An sare itace, iska ta kwashe ƙasar sama, kofaton bisashe ya danne sauran. A 1989 wani shirin FIDA ya kai manoma 13 daga Illela zuwa Yatenga ta Burkina Faso, yankin su Yacouba Sawadogo. Can suka ga ramukan da ake kira zai. Da suka dawo suka gwada, a nan kuma ana ce musu tassa.

Aikin na rani ne, kuma mai wuya ne. Ana gina rami mai faɗin taƙi ɗaya ko fiye, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba takin dabbobi cikin tafi biyu. A hekta guda sai an gina dubbai. Sauran aikin na gara ne, wadda muke tsinewa in ta shiga rumbu: taki ke jawo ta, ta huda ƙasa da hanyoyinta, ruwan farko ya bi ya nutse.

Damanar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa. Hatsin gonaki da yawa ya ƙone, na cikin tassa ya yi zangarniya. Ganin haka ya fi kowane taron wayar da kai tasiri. Kafin 1998 an gyara kimanin hekta 9,000, har faƙon da ba mai so kyauta ya shiga kasuwa, ana saye ana sayarwa. Nan ne abin ya yi ɗaci, domin mai hali ke iya ɗaukar ƴan ƙwadago su gina masa, wani talaka kuwa ya sayar da nasa ya koma gina na wani.

Yara da yawa a Tawa sun tashi sun tarar da waɗannan gonaki da hatsi da itatuwa, suna zaton haka suke tun asali. Malamin da ke kusa da Badagishiri zai iya kai ɗalibansa wurin dattijon da ya gina ramukan farko, tun yana da rai.