Ƙugiya da Rumbu: Waiwaye Kan Rubutun Hausa a Kwamfuta Daga Jos

Gabatarwa

Buƙatu biyu ne marubuci ba ya iya rabuwa da su, wato harafin da zai rubuta maganarsa da shi, da kuma wurin da zai adana abin da ya rubuta. A wannan maƙala za mu bi sawun waɗannan buƙatu tun daga zamanin maɗaba'a har zuwa na kwamfuta da wayar hannu. Za mu yi hangen ne daga Jos, garin da Hausa ta daɗe da zama harshen kasuwa da hulɗa tsakanin Birom da Afizere da Anaguta da baƙin da haƙar kuza ta tara. Waiwaye dai, in ji masu iya magana, adon tafiya ne.

Asalin ƙugiya

Da aka fara rubuta Hausa da boko, an tarar cewa haruffan Turawa ba su da gurbin sautukan da ke bambanta ƙafa da kafa, ko ɓata da bata. Saboda haka marubutan farko suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, ko waƙafi a gefensa. A 1928 wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da ke Landan ta fito da jerin haruffa masu ƙugiya, kuma a cikin shekarun 1930 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta karɓi ɓ da ɗ da ƙ. Da su aka ci gaba da buga littattafai da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Jos ma ba a bar ta a baya ba, domin littattafan Hausa da dama na wancan zamani suna ɗauke da tambarin maɗaba'ar Niger Press ta 'yan mishan da ke garin.

To, amma abin da maɗaba'a ta samu bai kai ga keken rubutu ba. Yawancin kekunan da ke ofisoshi da makarantu na Ingilishi ne, don haka duk wanda ya buga kundin digiri sai ya koma da biro yana lanƙwasa kawunan haruffa ɗaya bayan ɗaya, shafi bayan shafi.

Zuwan kwamfuta

Kwamfuta ta zo da nata ƙuncin. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurabe 128 kawai gare shi, kuma babu ko ɗaya da aka ware wa ƙugiya. A cikin shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro salon haruffa biyu, Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka share hawayen malamai da ɗalibai da masu buga littattafai. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce aron gurbi: a ɗauki mazaunin wata alama ko wani harafi da Hausa ba ta buƙata, a zaunar da mai ƙugiya a kai. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Da zarar an buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da salon, sai ƙasa ta koma }asa ko qasa, ɗaya ta koma ]aya ko xaya. Har yau muna cin karo da maƙalu da kundaye a intanet cikin wannan kama.

Maganin dindindin shi ne tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya kuma ba kowane harafi lambarsa ta kansa, har da ƴ wadda 'yan'uwanmu na Nijar suke amfani da ita. Amma sai da aka shiga shekarun 2000 kafin manhajoji da salon haruffa na yau da kullum su fara girmama shi. A nan ma Jos tana da abin faɗi. Tun 1976 ƙungiyar fassara Littafi Mai Tsarki ta NBTT take da mazauni a garin, inda ta gaji aikin cibiyar nazarin harsuna ta SIL. Aikin fassara zuwa harsunan da ba su daɗe da samun rubutu ba shi ya sa SIL ta samar da salon haruffa na kyauta, irin su Doulos SIL da Charis SIL, ta kuma rungumi manhajar Keyman, wadda Marc Durdin ya fara rubutawa a 1993 a ƙasar Laos. Abin da aka tanada domin ƙananan harsuna sai ga shi ya amfani Hausa.

Rumbun Jos

Buƙata ta biyu, wato adanawa, ita ma tana da tarihi a Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1975. A ƙarshen shekarun 1990 wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya yi shekara guda yana koyarwa a jami'ar ƙarƙashin shirin Fulbright, ya kuma ɗanɗana wahalar intanet mai tafiyar hawainiya. Da ya koma Jami'ar Iowa aka kafa shirin WiderNet a 2000, daga nan aka haifi eGranary. Dabararsa ita ce a kwafi ɗimbin littattafai da mujallu da shafukan intanet bisa izinin masu su, a zuba a babban faifai, a ajiye shi cikin makaranta yadda kowa zai karanta ba tare da layin waje ba. Ma'anar sunan kuwa ita ce rumbu. Darasin a bayyane yake: hatsin da ke rumbun gida shi ne ake ci ranar da kasuwa ba ta ci ba.

Wannan darasi ya fi shafar mu a yau. Marubutan Hausa, musamman mata, sun koma rubuta ƙagaggun labarai a waya suna rarrabawa ta WhatsApp da Facebook da Wattpad. Wasu sun sayar da ayyukansu a dandalin OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, aka kuma rufe shi a ƙarshen 2023. Wanda bai ajiye kwafi a hannunsa ba, sai dai ya bi masu karatu yana cigiyar littafinsa.

Kammalawa

Idan muka dubi wannan tafiya za mu ga cewa babu wata na'ura da ta zo da gurbin Hausa a cikinta. Mutane ne suka sama mata gurbin da guminsu. Yau allon rubutu na Hausa yana cikin kusan kowace waya, amma da yawanmu muna rubuta baki alhali baƙi muke nufi. Uzurin na'ura ya ƙare, saura namu. Wajibi ne sassan Hausa na jami'o'inmu su mayar da tsofaffin kundaye zuwa Unicode tun faifan da ke ɗauke da su ba su lalace ba, su kuma gina rumbun adana adabin waya. In ba haka ba, manazarcin da zai zo nan da shekara hamsin zai sami Ruwan Bagaja na 1934 a kan kanta, ya nemi labarin da aka rubuta bara ya rasa.