Laƙabin Abokin Jayayya a Tarihin Aƙidar Kirista

Liƙa wa abokin jayayya sunan da bai zaɓar wa kansa ba tsohuwar al'ada ce a rigingimun aƙida tsakanin Kiristoci. Galibi sunan wani malami ake ɗaukowa a raɗa wa jama'a guda, don a nuna mabiyan wane ne, ba mabiyan Almasihu ba.

Wajen shekarar 180 Ireniyus, bishop na Liyon, ya bi salsalar ƙungiyoyin da yake suka har ya kai su ga Siman mai sihiri na littafin Ayyukan Manzanni. Wajen 375 kuma Efifaniyus na tsibirin Kubrus ya jera bidi'o'i 80, yana kwatanta su da macizai da sauran masu dafi.

Inda abin ya bunƙasa shi ne rikicin Ariyus, limamin Iskandariya da ya ce akwai lokacin da Ɗan, wato Almasihu, bai kasance ba. Majalisar Nikiya ta 325 ta yi tir da shi. Daga nan Atanasiyus, mai kare matsayin Nikiya, ya shiga kiran duk mai ƙin kalmomin Nikiya "Ba'ariye", alhali da yawansu ba su yarda da Ariyus ba, kalmomin ne kawai ba su kwanta musu ba. Bishop-bishop da suka taru a Antakiya a 341 sun musanta sunan ƙarara, suna tambaya ta yaya bishop zai zama mabiyin limamin da ke ƙasa da shi. Musun bai yi amfani ba. Atanasiyus ne ya yi nasara, sunan da ya raɗa kuma shi ya zauna a littattafai.

Da sarauta ta shigo, laƙabi ya zama hukunci. Dokar Tasalonika ta 380 ta keɓe sunan Kiristan Katolika ga masu bin Nikiya, ta kira saura mahaukata. A 435 Sarki Tiyodosiyus na Biyu ya ba da umarnin a riƙa kiran mabiyan Nastoriyus, wani malamin da aka yi tir da koyarwarsa, da sunan Siman mai sihiri, a ƙone littattafansa. Bayan Majalisar Kalsidon ta 451, Kibɗawan Masar da Habashawa da Armeniyawa da wasu Suriyawa, waɗanda suka ƙi matsayinta game da ɗabi'ar Almasihu, suka sami sunan "masu ɗabi'a ɗaya", wanda har yau suke cewa ya karkatar da koyarwarsu, domin ba su taɓa musun mutuntakar Almasihu ba. Su ma ba su yi shiru ba, sai suka kira abokan gabarsu Malkiyawa, wato 'yan sarki.

A ƙarni na 16 abin ya sake salo. 'Yan adawar Martin Luther ne suka ƙirƙiro "Lutheran" don ba'a, shi kansa a 1522 ya roƙi mutane su bar kiran kansu da sunansa, amma mabiyansa suka rungume shi. Haka daga baya Kwekas da Metodis a Ingila, zolaya ce ta koma suna. Masu ƙin baftismar jarirai kuwa ba su ji da daɗi ba. An kira su Anabaftis, masu sake baftisma, laifin da ke da hukunci tun a dokar Rumawa, kuma taron Speyer na 1529 ya yanke musu kisa. A ganinsu ba su sake komai ba, tunda ba su ɗauki ta jariri a matsayin baftisma ba.

Sassauci ya zo a makare. A 1964 Majalisar Vatikan ta Biyu ta ambaci sauran Kiristoci da 'yan'uwan da aka rabu. Fafaroma Paul na Shida da Shenuda na Uku na Kibɗawa sun fitar da sanarwar bangaskiya tare a 1973, sannan a 1994 John Paul na Biyu da Mar Dinkha na Huɗu na Cocin Gabas ta Assuriyawa, wadda aka daɗe ana kira ta Nastoriyawa, suka sa hannu kan cewa imaninsu game da Almasihu ɗaya ne.